Kunne zai yaudare ka: yadda ake warware tambayoyin gyaran jimla a JAMB da SAT

Akwai wata jimla da nake rubuta wa yara a allo duk ranar da muka fara sabon aji na lesin, ga ta: The list of items that the traders brought from the villages are on the table. Sai in ce to wa ya ga kuskure? Yawanci shiru kake ji, wani ma ya ce Malam ai lafiya lau take, daɗin ji gare ta. Daɗin jin nan kuwa shi ke kashe mu. Ba ƙauyuka ne a kan tebur ba, ba 'yan kasuwa ba, list ne, kuma guda ɗaya ne, don haka is ya kamata. Kunne ya ji villages dab da gurbin sai ya miƙa maka are kai kuma ka karɓa hannu bibbiyu.

Kunnenmu a Hausa ya tashi, sannan ya ƙarasa girma a Turancin titi da na rediyo da na wasu malaman da su ma haka suka gada, masu shirya jarabawa kuma sun san irin kuskuren da ke wa mutane daɗin ji, shi suke sa maka a zaɓi. Dokokin da suke tambaya ba su da yawa, maimaita su ake yi shekara da shekaru, kaya kawai ake canza musu.

Fara sanin wace jarabawa ce a gabanka

A JAMB tambayoyi 180 ne cikin awa 2, Turanci na da 60 sauran darussa uku 40 kowanne, in ka raba za ka ga daƙiƙa 40 ke gare ka a kan kowace tambaya, ka ga babu lokacin tsayawa kana sosa ƙeya. Su cike gurbi suka fi yi, zaɓi huɗu, kuma Turancin Ingila suke bi. SAT kuma ta masu neman jami'o'in Amurka ce, tun 2023 ta koma kan kwamfuta a wajen Amurka, ɓangaren karatu da rubutu tambaya 54 ne cikin minti 64, an raba shi gida biyu, 27 a minti 32, kuma ƙoƙarinka a kashin farko shi ke yanke irin wahalar kashi na biyu. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na tambayoyin nan nahawu ne da alamomin rubutu zalla.

GMAT ta masu neman digiri na biyu a harkar kasuwanci ita ce asalin mai tambayar gyaran jimla, a ja layi ƙarƙashin wani yanki a ba ka zaɓi biyar, na farkon maimaicin abin da ke cikin jimlar ne. Amma sabon tsarin da suka fito da shi a ƙarshen 2023 ya cire wannan ɓangaren gaba ɗaya, tsohon kuma an rufe shi a farkon 2024. Don haka in wani ya tallata maka tsohon littafin GMAT a kan da shi za ka shiga jarabawar yanzu, riƙe kuɗinka. In don koyon nahawu ne kam tsofaffin tambayoyinsu makaranta ce mai kyau.

Mataki na farko: leƙa zaɓin kafin ka nutse a jimla

Yawancin yara sai su karanta jimla, su saka A su ji, su saka B su ji, har zuwa D, sau huɗu ke nan an karanta abu ɗaya kuma da kunne ake alƙalanci. Kai ka duba zaɓin daga sama zuwa ƙasa ka tambayi kanka me ya bambanta su. In ka ga is, are, was, were to tambayar tilo da jam'i ce ko ta lokaci. In ka ga its, it's, their, they're wakilin suna ake tambaya. In kalmomin iri ɗaya ne alamomi kawai ke canzawa, to iyakar jimla ake so ka gane. Da ka gane dokar da ake gwadawa ka san abin da za ka je nema, ba sai ka fahimci labarin duka ba, musamman a SAT da za su kawo maka zancen wani tsuntsu ko wata mai zane da ba ka taɓa jin sunanta ba.

Mataki na biyu: fere jimlar

Nan ne aikin yake, kuma nan zan daɗe. Kowace cikakkiyar jimla tana da aikau, wato wanda ake magana a kansa, da aikatau, wato abin da ya yi ko halin da yake ciki. Sauran duk ɓawo ne. Yadda ake fere rake haka za ka yi, duk yankin da ya fara da of, in, on, with, from, duk wanda ya fara da who, which, that, duk abin da aka kulle tsakanin waƙafi biyu, ka rufe shi da yatsa. Jimlarmu ta sama in ka fere ta abin da zai rage shi ne The list … on the table, nan ko ɗan aji uku ya san is ne.

Sai tarkunan da suke maimaitawa. And ne kaɗai ke mayar da tilo biyu jam'i. As well as, together with, along with, in addition to ba sa yi, duk da a Hausa duka "da" ko "tare da" za mu ce mu bi da "sun". The principal, as well as the teachers, is in the hall. Na san yana maka ƙaiƙayi a kunne, haka nan za ka haƙura.

Either … or da neither … nor kuma na kusa da aikatau shi ke da iko: Neither the driver nor the passengers were hurt, in ka juya su, Neither the passengers nor the driver was hurt. Each, every, everyone, nobody, one of, duk tilo ne, ko da mu mun saba cewa kowa da kowa sun zo. A number of students are, amma the number of students is, na farko ma'anarsa da yawa, na biyu adadin kansa ake nufi kuma adadi ɗaya ne. JAMB na son many a, many a student has failed, kar tarin ma'anar ya ruɗe ka. Kuɗi da nisa da lokaci in dunƙule aka ɗauke su tilo ne, Ten thousand naira is not enough.

Wani lokaci kuma su kifar da jimlar aikau ya koma baya: Behind the mosque stand two old trees. Itatuwa ne ke tsaye ba masallaci ba. In jimla ta fara da wuri ko da there, tsallaka gaba ka nemo mai aikin.

Akwai sunayen da Hausa ke ba jam'i Turanci bai ba su ba, mu muna da shawarwari, bayanai, kayayyaki, sai mu ɗauko mu ce advices, informations, equipments, furnitures, luggages, babu ko ɗaya a cikinsu da jarabawa za ta karɓa. In kana son ƙirgawa sai a piece of advice. News mai s a ƙarshe tilo ne, mathematics ma haka, police da cattle da ba su da s kuma jam'i ne. Turanci ke nan, kar ka nemi dalili, haddace kawai.

Mataki na uku: bi sawun wakilin suna

Duk inda ka ga it, they, their, which, ka tambaya wa yake wakilta, ka nuna shi da yatsa, in ba ka iya nuna suna guda ɗaya tak ba akwai matsala. Mu mukan ce kamfanin sun ƙara farashi, gwamnati sun ce, don mutanen ciki muke hange. SAT Turancin Amurka take bi, a wurinsu kamfani abu ɗaya ne, The company raised its prices. Turawan Ingila sun fi sassauci a nan, committee na iya ɗaukar jam'i in mambobin ake nufi ɗaiɗai, shi ya sa a JAMB sai ka duba ko jimlar ta nuna sun rabu a ra'ayi.

Ga wani da na tabbata daga Hausa muke kwaso shi. Muna cewa yaron da na ba shi kuɗi, gidan da muke zaune a cikinsa, wato mukan dawo da wakilin suna a ƙarshe. Turanci bai yarda ba, the boy that I gave him money kuskure ne, him ɗin ya yi yawa, the boy to whom I gave money ko the boy I gave money to. Haka yarinyar da babanta ya rasu ba the girl that her father died ba ce, whose father died ne. In ka ga suna na biye da gurbin kuma mallaka ake nufi, whose kawai.

Who da whom kuwa ga dabara, mayar da yankin amsa, in he ya zauna who ne, in him ya zauna whom ne, duka biyun da m suke ƙarewa. Between you and I da manya ke faɗa a taro suna jin sun yi Turanci kuskure ne, me ne. It's kullum it is ne ko it has, in ka warware shi bai zauna ba its ake so. The student's books ɗalibi ɗaya, the students' books ɗalibai da yawa, wurin da ɗan waƙafin saman nan ya zauna ne kawai bambancin.

Mataki na huɗu: nemo agogon jimlar

Kowace tambayar lokaci tana da wata kalma da ke nuna ƙarfe nawa, yesterday, since, by the time, in 1999, ko wani aikatau da ba a taɓa ba a gefe. Matsalarmu ita ce "na gan shi" ɗaya muke da shi, ko jiya ne ko yanzun nan, Turanci kuma ya raba I saw da I have seen. In an ambaci takamaiman lokacin da ya wuce saw ne, I have seen him yesterday ba ya yiwuwa. In abu ya faro a baya yana nan har yanzu, da since ko for, sai has ko have: She has lived in Gusau since 2015. Had kuma na abin da ya riga wani faruwa ne a baya, inda za ka ce "ya riga ya" a Hausa, kafin mu isa tasha mota ta riga ta tashi, the bus had left before we arrived.

Da na sani ƙeya ce, a Turanci ma tsarinta ɗaya ne ba ya canzawa: If I had known, I would not have come. Would ba ya shiga ɓangaren if, ko da ka ji ana faɗa. Irin su If I were you, I wish I knew, It is high time we left, duk siffar shuɗaɗɗen lokaci suke ɗauka alhali ba a baya ake magana ba, high time ɗin nan JAMB ba ta gajiya da shi. Sannan "ina jin ka" da "ina da mota" su ke haifar da I am hearing you da I am having a car, aikatau irin su hear, know, own, understand ba sa son ing in hali ake nufi.

Mataki na biyar: wa ke tafiya kasuwa?

Walking to the market, the rain started. A Hausa za ka ce ina tafiya kasuwa sai ruwa ya sauko, "ina" ɗin nan ta riga ta faɗi mai tafiya. Walking ba ta faɗi kowa ba, don haka sai ta cafke sunan farko da ya biyo bayan waƙafi, ka ga ruwan sama ne ya saɓa jaka zai je cefane. Duk jimlar da ta buɗe da yankin siffantawa sannan waƙafi, abin da zai biyo baya dole ya zama wanda ake siffantawa. A SAT wannan kyauta ce, duba kalmar farko ta kowane zaɓi kawai, uku za su faɗi da kansu.

Jeri kuma sai ya zama anko, in na farko da ing ya zo sauran ma haka: She likes reading, sewing and cooking, ba and to cook ba. Not only … but also da both … and su ma abin da ya bi na farko irinsa zai bi na biyu.

A kwatance Hausa ce ma za ta cece ka. The weather in Jos is colder than Kano kuskure ne don an gwada yanayi da gari. Mu ai cewa muke yanayin Jos ya fi na Kano sanyi, wannan "na" ɗin shi ne that of, jam'insa those of. Fassara a zuciyarka, in "na" ko "ta" ta fito to nemi zaɓin da ke da ita.

Mataki na shida: alamomin rubutu, musamman masu SAT

Mu a waya waƙafi muke jerawa har jimla ta kai layi goma, ni ma ga shi ina yi, amma a jarabawa cikakkun jimloli biyu ba sa haɗuwa da waƙafi kaɗai. The Kainji Dam was completed in 1968, it still supplies electricity, kowane ɓangare na iya tsayawa da ƙafarsa don haka waƙafi ya yi kaɗan. Ko ka sa aya, ko waƙafi mai ruwa (;), ko waƙafi tare da and, but, so, or, yet. However da therefore ba sa cikin waɗannan, sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa kafin su in jimloli biyu suke rabawa.

Tunda aya da waƙafi mai ruwa aiki ɗaya suke yi a nan, in ka gan su a zaɓi biyu kuma komai nasu iri ɗaya ne, soke su duka, amsa ba ta zama biyu. Ruwa biyu (:) kuma sharaɗinsa abin da ya zo kafin shi ya zama cikakkiyar jimla, wanda ya biyo bayansa ko jeri ne ko bayani ba damuwa. Ƙarin bayani a tsakiyar jimla da abin da aka buɗe shi da shi ake rufewa, waƙafi da waƙafi, dogon layi da dogon layi. Kuma kar ka taɓa raba aikau da aikatau da waƙafi guda komai tsawon aikau ɗin, maganar a sa waƙafi inda aka ja numfashi da aka koya mana a firamare ba ta aiki a nan.

Na 'yan JAMB kuma

Ku naku ƙarin shi ne ƙananan kalmomin da Turancinmu na gida ya lanƙwasa. Discuss about, comprise of, cope up with, emphasize on, request for in aikatau ne, duk a cire ƙarin. Congratulate on ne, prefer tea to coffee, married to. "Ara" ɗaya muke da ita, ara mini, na aro, shi ya sa borrow me your pen ya zauna mana, mai bayarwa lend yake yi mai karɓa borrow.

Sai 'yar tambayar ƙarshen jimla. "Ko ba haka ba?" tana shiga ko'ina a Hausa, sai muka ɗora wa isn't it wannan aikin. A Turanci sai ka ɗauko mataimakin aikatau na jimlar ka juya shi: You have eaten, haven't you? They won't come, will they? Hardly, seldom, never, scarcely korewa ne a ɓoye, She hardly talks, does she? Let's go na tafiya da shall we, I am late kuma aren't I.

Yadda za ka yi atisaye

Nemi littafi ɗan 40 ka mai da shi na kurakurai. Duk tambayar da ka faɗi, ko ka ci da sa'a, rubuta jimlar da dokar da ta kayar da kai da kalmominka, da Hausa ma in ya fi maka. Bayan sati biyu ka buɗe za ka ga abu uku ko huɗu ne ke ta dawowa, su za ka bi. Wani yaro da na koyar ya yi tambayoyi sun fi a ƙirga amma makinsa na nan inda yake, da muka zauna sai na ga amsa kawai yake dubawa a baya ya wuce, bai taɓa tambayar me ya sa B ta faɗi ba. Ka iya faɗin laifin kowane zaɓi ukun da ka ƙi, in ba ka iya ba to canka ka yi.

Masu SAT ku sauke manhajar Bluebook ta College Board masu shirya SAT, da ita ake jarabawar kuma akwai cikakkun gwaji kyauta a ciki, Khan Academy ma na da darussa kyauta. Ba a rage maki don ka faɗi tambaya, kar ka bar gurbi. Masu JAMB ku yi tsofaffin tambayoyi a kan kwamfuta da agogo a gefe, kuma ku yi hattara da amsoshin bayan littattafan kasuwa, na sha kama kuskure a ciki.

Bari mu gwada ɗaya tare. Ahmadu Bello University, which opened in Zaria in 1962 and now runs many faculties and institutes, ___ students from every state in the country. Zaɓi: A attract, B attracting, C attracts, D have attracted. Kallon farko ya nuna aikatau ake tambaya. Rufe duk abin da ke tsakanin waƙafi biyun, saura Ahmadu Bello University ___ students. B ta fita don jimlar za ta rasa aikatau gaba ɗaya, ing shi kaɗai ba ya riƙe jimla. A da D na jam'i ne, institutes da ke maƙale da gurbin aka sa su yi wa kunne daɗi. C ce, danna N, maɓallin Next a kwamfutar JAMB, ka wuce ta gaba.